Kawu Anya da Wayar Ɗakin Sanyi

Yayan mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na tashi tun ina 'yar shekara tara. A unguwarmu babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Kowa Kawu Anya yake cewa, har waɗanda suka girme shi, saboda duk maganar da aka kawo masa, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Anya kuwa?" A ce masa gobe za a kawo wuta, anya kuwa. A ce an gyara titin kasuwa, anya kuwa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta sha ba mu labarin ranar da aka haifi 'yarsu ta ƙarshe, wai ungozoma ta fito ta ce masa an sami mace, ya ce anya kuwa, a koma a sake dubawa. Shi dai har yau yana musun wannan labarin, yana cewa sharrin Inna ne.

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana aiki a wata ma'ajiyar magunguna da ke raba wa ƙananan asibitoci kaya. Da dako ya fara, yana sauke kwalaye daga mota. Da aka lura shi kaɗai ne ke tsayawa ya karanta ranar lalacewar magani a jikin kwali kafin ya ɗora a ka, sai aka damƙa masa makullin ɗakin sanyi. Ƙaramin ɗaki ne mai ƙofa mai kauri, inda ake ajiye alluran rigakafi da maganin masu ciwon sukari, kayan da zafi ke kashewa. Dokar ɗakin guda ɗaya ce: awo kada ya yi ƙasa da biyu, kada ya haura takwas. In ya haura takwas, zafi ya fara shiga ke nan. A ciki an rataye ma'aunin gilashi, a jikin ƙofa kuma an manna takarda mai layi-layi. Safe da yamma Kawu zai zura tsohuwar rigar sanyinsa mai faci a gwiwar hannu, ya shiga ya duba, ya fito ya rubuta da biro. Gwiwarsa ta hagu ta samu ciwo a wannan ɗakin. Da ya shiga take fara sara, har yana yi mata kirari da cewa ita ce ma'auninsa na biyu.

Wayarsa ƙarama ce mai madannai, lambobin duk sun goge, murfin batirin ma da roba aka ɗaure shi. Manyan wayoyin nan da ake shafawa kuwa, kallon baƙon da ya cika tambaya yake yi musu.

"Abu ya nemi hoton fuskarka, ya nemi zanen yatsanka, ya nemi sanin inda kake kwana," yakan ce, "kai kuma ko ƙauyensu ba ka sani ba. Wa ya mallaki wani a nan?"

Abin da ya ƙara rura wutar shi ne wayar Inna. Babban ɗansu ne ya saya mata, ta riƙe ta shekara huɗu kamar ƙwai, ko ƙwarzane babu. Rana ɗaya manhajar da take gaisawa da 'yan'uwanta ta ƙi buɗewa, aka rubuto mata cewa wayar ta tsufa, ba za ta iya ɗaukar sabon tsari ba. Kawu ya karɓi wayar ya jujjuya ta a hannu kamar mai neman inda furfurar take.

"Ku duba mini," ya ce. "Ka sayi kwaɗo da makulli. Kana zamanka lafiya, ka dawo gida wata rana makulli ya ƙi shiga. Ka je wurin mai shago, ya ce ai mun sabunta maka ƙofar ne, sai dai ka sayi sabon makulli. Wa ya roƙe su? Ƙofar tawa ce ko tasu? Ruwa dai ba ya tsami banza."

Inna ta ce, "Malam, zato zunubi ne."

"Na ji. Amma ko malamin da ya faɗi haka yana kulle ƙofarsa."

Auta ita ce 'yar tasu ta ƙarshe, kuma cikin 'ya'yansa biyar ita ta kwashe halinsa kaf, shi ya sa suke yawan karo. Burin Kawu ta karanci haɗa magunguna, ta sa farar riga ta tsaya bayan kanta inda kowa zai gan ta. Ita kuwa ta kafe a kan ilimin kwamfuta.

"Tela yana da rigar da zai nuna, magini yana da katanga," ya ce mata. "Ke in na ce ɗauko mini abin da kika yi yau, me za ki ɗauko?"

Inna ce ta sa baki har ya ƙyale ta. Ta yi karatun, ta gama, ta yi shekara guda tana tura takardun neman aiki shiru, Kawu yana ta gyaran murya duk lokacin da zancen ya taso. Daga baya wani kamfani mai ƙera manhajojin waya ya ɗauke ta. Sai dai aikin daga gida take yinsa. Ta saka tebur a ɗakinta kusa da taga, ta toshe kunnuwa da abin sauraro, tana magana da wasu baƙin fuskoki a kwamfuta. Wannan ya fi rashin aikin damun Kawu.

"Ina ofishinsu yake?"

"Baba, ba su da ofis a garin nan."

"Maigidan naki kin taɓa ganinsa ido da ido?"

"Kullum muna ganin juna a kwamfuta."

"Ni ma kullum ina ganin mutane a talabijin, har yau babu wanda ya ɗauke ni aiki."

Wata Asabar Auta ta fita, Kawu ya shiga ɗakinta don ya gyara ƙugiyar tagar da ta saki. Yana neman sukundireba ya jawo durowar teburinta. A ciki ya tarar da wayoyi a jere, manya da matsakaita, wasu da fasasshen gilashi, kowace an manna mata takarda mai lamba a baya. Ya ƙirga sau biyu. A lokacin na yi aure ina koyarwa a wata makaranta can bayan gari, sai ga kiransa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyata, mutum ɗaya, kunne biyu, waya goma sha ɗaya. Fassara mini."

Na ce, "Kawu, ka jira ta dawo ka tambaye ta mana."

"Wanda ya iya ɓoye abu a durowa ba zai rasa amsa a baki ba. Kina jin rediyo kuwa? Haka 'yan damfarar nan suke yi. Su sami yarinya mai ilimi, su ce mata aiki ne, ita ba ta sani ba da hannunta ake yashe mutane. Ranar da hukuma za ta zo, su suna can inda ba a san su ba, ita ce a ɗaki da kayan shaida."

Na ba shi haƙuri, ya ce to. Ashe yana kashe wayar ya zari guda ɗaya ya sa a aljihu, ya nufi rumfar mai gyaran waya da ke bakin titi, ya ce a bincika masa ko ta sata ce. Mai gyaran ya duba ya kwashe da dariya. Ya ce ko layi babu a ciki, kuma shi da kansa ya sayar wa Auta ita, tare da wasu guda huɗu da masu su suka gaji da su. Kawu ya dawo ya mayar da ita inda ya ɗauka, ya ɗauka magana ta mutu. Bai san mai gyaran nan bakinsa ba ya riƙe ruwa ba. Washegari Auta ta zo wucewa ya ɗaga murya, "Jiya Baba ya zo bincike a kanki!" a gaban masu jiran caji.

Inna ta ce tun da ta haifi Auta ba ta taɓa ganin idonta ya yi ja irin na ranar ba. Ta tsaya a ƙofar falo, ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Baba, ɓarauniya ka ɗauke ni?"

"Ban ce ba."

"Ba ka ce ba, amma ka kai ni bakin titi. Wayoyin nan kayan aikina ne. In aka ƙera manhaja, ni ake ba wa in gwada ta a sabuwar waya da tsohuwa, babba da ƙarama, in ga inda za ta ba da matsala kafin a sake ta ga jama'a. Aikin ke nan. Da ka tambaye ni da na nuna maka."

Da Kawu ya yi shiru a nan, da an wuce wurin. Amma baki ya riga ya saba. Ya ce, "Anya kuwa?"

Auta ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Daga ranar ta sayi kwaɗo ta sa wa ɗakin. Wata biyu suka yi a gida ɗaya, daga "ina kwana" sai "lafiya lau". Inna tana ta kai gwauro tana kai mari a tsakani, kowannensu yana jiran ɗayan ya fara saukowa.

A cikin wannan tsakanin ne abubuwa suka canza a wurin aiki. An kawo sabon manaja, mutum mai fara'a da saurin tafiya, ba mugu ba ne, amma yana son a ga ya zo da sabon abu. Ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfani, aka kafa wata 'yar farar na'ura mai kamar sabulu a cikin ɗakin sanyi. Aka zaƙulo wata tsohuwar babbar waya daga ofis aka saka mata manhajar kamfanin aka ba Kawu. Safe da yamma zai matso da wayar kusa da ƙofa, ta ɗauko awo daga na'urar, ta aika wa manaja a kwamfutarsa, ta aika wa kamfanin. Aka ɓalle takardar jikin ƙofa. Ma'aunin gilashin kuma aka jefa shi cikin kwalin tarkace. Da aka tashi aiki Kawu ya tono shi ya goge, ya rataye shi bayan wasu kwalaye inda ido ba ya kaiwa.

Makonni shida yana gwada biyun a ɓoye. In waya ta ce huɗu, gilashi ya ce huɗu. In an buɗe ƙofa an loda kaya waya ta ce shida, gilashi ma haka. Bai ji daɗin hakan ba, amma Kawu ba ya ƙarya. Ya ce wa Inna, "Zuwa yanzu dai ban kama ta ba."

Ran wata Litinin da safe wayar ta ƙi buɗe manhajar, ta ce sai an sabunta. Kawu ya ƙi taɓawa, ya kai wa manaja. Manaja ya danna, aka jira ta gama juye-juyenta, ta buɗe, ta nuna biyar da koren launi. Da yamma biyar. Talata da safe biyar. A ranar aka buɗe ɗakin kusan rabin awa ana fitar da kaya, Kawu ya matso da waya, biyar cif. Ya leƙa bayan kwalaye, gilashi yana kan bakwai. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya kasa kunne. Ƙarar injin ta canza, tana tashi tana faɗuwa kamar numfashin mai mura. Gwiwarsa kuma shiru, ko ɗan tsukun da ta saba babu.

Laraba gilashi ya taɓa takwas. Kawu ya cire shi ya tafi da shi ofishin manaja a tafin hannu.

"Yallaɓai, ɗakin nan yana ɗumi. A kira mai gyaran firij."

Manaja ya juyo da kwamfutar. "Baba, duba nan. Biyar. Wannan gilashin naka ai ya girme ni. Ina ma ka samo shi?"

"Inda aka jefar da shi. Ɗakin da ake buɗewa ana rufewa, a ce kwana uku awo bai motsa ba? Ko gawa ai tana canza sanyi."

Manaja ya yi dariya, ya kira mutumin kamfanin ya sa a lasifika. Wata murya mai santsi ta ce daga wurinsu komai kore suke gani, kuma dattawan ma'aikata sukan ɗauki lokaci kafin su saba da sabon tsari, a ƙara haƙuri da shi. Manaja ya ce ba zai iya kiran mai gyara ba sai da rahoton matsala, na'ura kuma ba ta ba da rahoto ba. Ya ƙara da cewa, cikin wasa da gaske, "Baba, saura shekara nawa ma ka huta?"

Kawu ya fito yana tafasa. A ransa ya gama yanke hukunci cewa akwai lauje cikin naɗi: ko dai na'urar ta bogi ce an haɗa baki an kafa, ko kuma ana so kaya su lalace a hannunsa a sami hanyar sallamarsa.

Ranar na biya gidan bayan an tashi makaranta. Na same shi a falo da rigar aiki a jikinsa, abinci a gabansa ya huce, ga tsohuwar wayar ofis a kan tebur yana harararta. Ya ba mu labari tun daga farko. Inna ta saurara har ya gama, sannan ta nuna ƙofar Auta da haɓa.

"Ga mai maganin abin nan a ɗaki, kana ta zagaye kamar wanda ya ɓatar da allura. Girman kai dai ba ya sanyaya ɗaki."

Ya daɗe a zaune. Can ya miƙe, ya ɗauki wayar, ya je ya ƙwanƙwasa, abin da bai taɓa yi a gidansa ba.

"Auta, in kin sami sarari, ina da tambaya. Ta aiki ce."

Ta buɗe, ta dube shi, ta dubi wayar. Ba ta yi murmushi ba. Ta jawo masa kujera, ita ta zauna a bakin gado, ta shiga jero tambayoyi. Yaushe abin ya fara, kafin sabuntawar ko bayanta? Wa ya danna? Awon da ta nuna na ƙarshe kafin a sabunta nawa ne? Ya ce biyar. Ta ce da idonsa ya gani ko faɗa masa aka yi? Ta shiga cikin wayar ta duba shekarar tsarinta, ta ɗan ja tsaki.

"Akwai wanda ya taɓa matso da wata wayar kusa da na'urar, ban da wannan?"

"Babu. Manaja daga ofis yake kallo."

"To duk abin da yake gani, da abin da kamfanin ke gani, daga bakin wannan wayar ya fito. Shaida ɗaya ce ake ta maimaitawa. Ban ce ita ce mai laifi ba tukuna. Sai na gwada."

Washegari da sassafe ni na kai su a motata, don ba ni da darasi sai da hantsi. Auta ta zuba wayoyi shida a jaka. Manaja ya ɗan ɓata fuska da ya ga Kawu ya zo da iyali, amma ta gaishe shi da ladabi, ta faɗi aikinta, ta roƙi minti goma. Ya ce to, minti goma.

Ta jera wayoyin a kan wani kwali a bakin ƙofar ɗakin sanyi, ta saka manhajar a kowace, Kawu yana shigar da lambar sirrinsa da yatsa ɗaya, yana kare ta da ɗayan hannun har daga 'yarsa. Wayoyi huɗu masu ɗan dama-dama suka nuna goma, da jan launi, ɗaya har da ƙara. Tsofaffi biyu suka tsaya suna ta juyi ba su nuna komai ba. Wayar ofis kuwa tana nan a kan biyar, kore shar.

"Wataƙila wayoyinki ne," in ji manaja, amma muryarsa ta sauka.

"Yallaɓai, kawo taka. Ai sabuwa ce."

Ya matso da tasa. Goma.

Auta ba ta tsaya nan ba. Ta ce Kawu ya ciro na'urar, ta fita da ita waje ta ɗora a kan murfin motata da rana ta fara gasawa. Muna tsaye muna kallo sababbin wayoyin suka hau ashirin, suka wuce talatin. Wayar ofis ko gezau. Ta yi wa manaja bayani a taƙaice: tun ranar da aka sabunta manhajar ta daina jin maganar na'urar a tsofaffin wayoyi, kuma maimakon ta ce ba ta ji, sai take maimaita awon ƙarshe da ta adana.

Ban taɓa ganin mutum ya yi gumi a bakin ɗakin sanyi ba sai ranar. Manaja ya shiga kiraye-kiraye. Kafin awa guda an kawo mota mai firij, aka kwashe kayan zuwa ɗakin sanyin babban asibiti. Mai gyara ya zo ya tarar iskar injin ce ke zurarewa ta wani ɗan tsagi. Kwalayen da ke kusa da ƙofa, inda ɗumin ya fi yawa, aka ware su, daga baya masana suka ce a lalata su, ba za a yi wa kowa allura da su ba. Sauran suka tsira. Da aka bincika sauran ma'ajiyoyi huɗu da ke amfani da manhajar, biyu daga ciki irin wannan tsohuwar wayar suke riƙe da ita, su ma kwana huɗu suna aika lamba ɗaya babu wanda ya lura.

Da rana mutumin kamfanin ya iso da jaka da ƙamshin turare. Ya ce abin takaici ne, amma a shafi na goma sha huɗu na yarjejeniya an rubuta cewa ba su da alhakin wayoyin da suka wuce wasu shekaru, shawararsa a sayi sababbi. Kawu ya bari ya kai aya.

"Ɗana, na ji. In kun san ba za ta iya ba, me ya hana ta ce ba ta iya ba? Jakin da ya gaji tsayawa yake yi a hanya. Ba ya juyowa ya ce wa mai shi an iso."

Mutumin ya ɗauki jakarsa ya tafi. Bayan mako guda suka fitar da gyara, suka aiko da wasiƙa suna yaba wa "ma'aikata masu sa ido", babu sunan kowa. Manaja dai ya yi abin kirki. Da hannunsa ya mayar da takarda jikin ƙofa, ya sa aka rataye gilashin a fili, ya ce daga yau a riƙa duba biyun.

A hanyar komawa gida ranar, Kawu yana gaba, Auta tana baya da jakarta a cinya. Muka yi nisa. Sai ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "Da gangan suka yi, don a sayi sababbin wayoyi."

"Ba na jin da gangan ne, Baba. Sakaci ne. Sun gwada a wayoyin da ke aljihunsu, suka ga lafiya, suka saki. Babu wanda ya tuna da mai tsohuwar waya. Kullum da irin wannan nake faɗa a wurin aiki."

"Sakacin da kullum ribarsa gida ɗaya take faɗawa, ni ban yarda da shi ba."

"Ni kuma ba na ɗora wa mutum laifi sai na gwada na gani."

Ya gane inda maganar ta dosa. Muka wuce shataletale, muka wuce gidan mai. Can ya ce, "Wato biyanki ake yi don ki ƙi yarda."

"Kusan haka ne."

"Ni shekara sittin ina yi kyauta." Ya gyara zama. "Zuwan da na yi wurin mai gyaran nan, ban kyauta ba. Tsoro ne ya kai ni. Ki yafe wa babanki."

Ta madubi na ga Auta ta juya fuska wajen taga tana goge ido da bayan hannu. Ta ce, "Ya wuce, Baba." Kwaɗon dai sai da ya ƙara mako guda a ƙofarta kafin ta cire.

Kada a ɗauka Kawu ya zama masoyin wayar zamani. Abin da ya canza shi ne, maƙwabta suka fara zuwa neman shawararsa in 'ya'yansu sun ce za su karanci kwamfuta. Yakan ce a bar su su yi, aiki ne na gaske, ya gani da idonsa. Amma yakan ƙara da cewa su riƙe wata sana'ar a gefe, don gidan da ake sabunta shi duk wata, wata rana mai gidan ma za a ce ya tsufa. Kuma maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Bayan wata bakwai kamfanin Auta ya sallami rabin masu gwaji da saƙo guda ɗaya, wai yanzu na'ura ce za ta riƙa gwada na'ura. Tana cikinsu. Duk mun zuba ido mu ji Kawu ya ce ai na faɗa. Bai ce ba. Wata huɗu ta yi tana nema, shi ne mai leƙawa ɗakinta da safe ya tambaya ko an amsa, har ta sami wani wurin da ke yi wa asibitoci manhaja. Takardar ɗaukar aikin sai da ya sa tabarau ya karanta ta tun daga shafin farko har ƙananan rubutun ƙarshe, ya ja layi a wurare uku, biyu daga ciki kuwa ta koma ta sa an gyara.

Bara ya yi ritaya. Abokan aiki suka haɗa ɗan taro a harabar ma'ajiyar, manaja ya yi jawabi mai daɗi, sannan ya miƙo masa kyauta a naɗe. Kawu ya buɗe a gaban kowa, sai ga sabuwar babbar waya fil a kwalinta. Wurin ya kaure da dariya, shi ma ya dara, ya yi godiya. Yana isa gida ya ajiye ta a cinyar Inna.

Yanzu Inna ce gwanar gidan. Ta san aika murya, ta san tura hoto, ta buɗe zauren 'yan'uwa ta naɗa kanta shugaba. Makon jiya na je na same ta tana naɗar saƙo zuwa ga Yaya, babban ɗansu, Kawu yana tsaye a bayanta yana ba da umarni: ki ce masa ya duba tayar motarsa kafin ya taso, ki ce kada ya tsaya a hanya. Ta ce to ga shi, faɗa masa da bakinka. Ya ja da baya, ya ce shi ba zai bar muryarsa a hannun mutanen da bai sani ba. Ta ce ai tun ɗazu take naɗa, duk abin da ya faɗa ya shiga. Ya ce ta goge. Ta ce ta riga ta tura. Ya ɗauki butarsa ta ban ruwa ya fita wurin shukokinsa yana mita, mu kuma muka zauna jiran amsar Yaya.